Milimita Ɗaya da Rabi

Litinin, 7 ga Oktoba, 1912, Torino

Kayan Ermete sun iso. Akwati huɗu, fulogi ɗari huɗu. Na buga musu jan tambari, alamar kamfani ya ƙi kaya.

Ina rubutawa ne don kada in manta daɗin da na ji. Shekara tara ina zaune a ɗakin duba kaya na kamfanin motocin nan, ina jiran ranar da Ermete Gribaudo, yayan matata, zai kawo abin da bai yi daidai da samfur ba. Shekara tara bai kawo ba, don shegen yana da tsabtar aiki, wannan kam ba zan hana shi ba. Yau ya kawo. Na buɗe akwatin samfur da mabuɗina, na kwantar da shi a kan ƙyalle, na ɗauko nasa guda na ajiye kusa da shi. Tun kafin in taɓa ma'auni idona ya gani. Wuyan tangaran ɗin, daidai inda ya fito daga zoben ƙarfe, ya fi na samfur kauri. Na auna, milimita ɗaya da rabi. Na auna guda ashirin, duk haka.

Secondo mai ɗaukar kaya ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya. "Monsù Chiabotto, kayan surukinka ne fa." Na ce masa a ɗakin nan ba ni da suruki, samfur nake da shi.

Dokar kamfani a fili take: ja uku a jere, ba a sabunta wa mutum kwangila ranar San Martino, 11 ga Nuwamba, ranar da wa'adin kwangila da na haya ke cika. Saura biyu.

Talata, 8 ga Oktoba

Clotilde matata ba ta sani ba tukuna. Na ci polenta, tuwon masararmu, har da ƙari.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ermete ya zo da kansa. Ko hula bai cire ba. Ya shigo ɗakina kamar har yanzu shagonmu ne na da, inda zai yi tsawa kowa ya miƙe.

"Tavio, wane irin wasa ne wannan?"

Na ce ba wasa, kuma a nan sunana Monsù Chiabotto, da lakabin girmamawa.

Ya ce wani likita daga Chieri ya zo shagonsa a watan jiya, ya zube masa fulogi uku a kan benci, duk sun tsage a wuya. Motarsa ta mutu a kan tudu cikin ruwan sama yana hanyar zuwa wurin mara lafiya, ya ƙarasa da ƙafa. Wai wuyan ya yi siriri, wai da an ɗaure zoben sai tangaran ya yi tsagi daga ciki, ruwa ya samu hanya. Wai shi ya sa ya ƙara kauri. Wai, wai, wai.

Na ce ma'aikatanka ne masu nauyin hannu, su koyi ɗauri. Na nuna masa samfur da hatimin darma a jikin wayarsa. Na ce wannan shi ne abin da kamfani ya yarda da shi, in kana so a canza sai mai duba kaya ya rubuta cewa samfur na da aibu, kuma mai duba kaya ni ne.

Ya dube ni ya dubi samfurin. "Ai na san wanda ya yi shi."

Ya sani mana. Ni na yi shi, da yatsuna biyar, kwana tara kafin injin matsa ƙarfe ya cinye mini biyu da rabi. Da shi muka samu kwangilar nan. Ina kwance a asibiti ya sa aka sake fentin allon shago, Gribaudo da Chiabotto ya koma Gribaudo kawai. Ya zo duba ni da lemo a takarda, ya ce ya samo mini kujera a kamfani, aikin zama. Ya ce, "Hannunka ya gama aiki, Tavio." Da bakinsa, gaban ƙanwarsa. Lemon ma tsami gare shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na goge samfur da tsumman mai, kamar kowace Asabar. Har yanzu babu irinsa a duk abin da ya taɓa shigowa ɗakin nan.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Clotilde ta ji. A bakin coci matar Ermete ta tsare ta.

Ba ta yi mini ihu ba, gara ma da ta yi. Ta ajiye mini miya ta zauna ta zuba mini ido. Ta ce mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a shagon Yaya, har da tsoho Tomalin da ya koya mini riƙe zarto. Na ce to yayanki ya yi abin da aka ce ya yi. Ta ce tangaran ɗin da aka gasa masa duka na sabon fasali ne, kafin a gasa wani sai bayan Kirsimeti, kuma ko da akwai ya rantse ba zai ƙara yin abin da ya san zai fashe ba. Na ce to rantsuwarsa ta ciyar da su.

"Tavio, shekara tara kana dafa abin nan a cikinka. Bai nuna ba har yanzu?"

Na fita na bar mata miyar. Na yi yawo a bakin kogi har ƙafata ta yi ciwo, na dawo na tarar ta bai wa kyanwa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ashe Ermete ya haura sama wurin Injiniya Valperga. Secondo ya kawo mini labari, shi da ba ya iya riƙe magana ko ta minti biyar. Injiniyan saurayi ne, bai daɗe da fitowa makaranta ba, farcensa fes, takarda ce addininsa. Ya ce wa Ermete samfur shi ne doka, in mai duba kaya bai rubuta ba shi ba ruwansa. Ban taɓa son mutumin nan ba sai yau.

Litinin, 21 ga Oktoba

Kaya na biyu. Irin na farko sak, ko kunya babu. Ja.

Amma sai da na yi musu duk abin da nake yi wa kaya, don kada wani ya ce ƙeta ce. Na gwada zaren kowanne, na auna tazarar bakin wuta, sannan na ƙwanƙwasa. Wannan ba ya cikin takardar kamfani, tun a shago muka saba: ka riƙe fulogin ta kai da yatsa biyu, ka ɗan buga tangaran da mabuɗi. Lafiyayye yana cewa tin, ya ja ƙarar kaɗan. Mai tsagi yana cewa ƙas, ya mutu nan take, kamar farantin da mata ke mayar wa mai talla a kasuwa. Kullum a ɗari nakan fitar da bakwai ko takwas masu ƙas.

Yau a ɗari huɗu ban samu ko ɗaya ba. Na sake bin akwati biyu. Ko ɗaya.

Sa'a ce. Ko kuma ya tsaya a kansu ne da sanda.

Talata, 22 ga Oktoba

Ermete ya zo kwashe kayansa da amalanke. Na zaci zai yi zagi, har na shirya nawa. Sai ya tsaya a ƙofa yana kallon mabuɗin da ke jikin sarƙar agogona.

"Ka ƙwanƙwasa su?"

Na ce wannan aikina ne, ba nasa ba.

"Nawa suka ce ƙas?"

Na juya masa baya. Sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Tsohon banza. Kowa ka buga masa mabuɗi a garin nan. Naka fa, ka taɓa ƙwanƙwasa shi?"

Na ce samfur ba a bugunsa, ba a sa shi a inji, aunawa kawai ake yi, ko jaki ya san wannan. Ya ce ai da jakin yake magana. Secondo ya shiga tsakaninmu da akwati a hannu, ba don haka ba da yau an ji mu a ofishin darakta.

Ja biyu. Saura ɗaya, ranar 9 ga wata mai zuwa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Hazo ya rufe gari, ko fitilar tarago ba a gani. Hannun yana yi mini zugi a inda yatsun suke a da.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na goge samfur. Na mayar. Ban yi komai ba.

Don me ma zan yi? Don Ermete ya ce?

Lahadi, 27 ga Oktoba

Clotilde ta tafi gidan yayanta cin abincin rana ita kaɗai. Ta dawo tana warin tafarnuwa, sun yi miyar nan mai zafi da ake tsoma ganye a ciki, wadda ta san ina so. Ba ta kawo mini ko cokali ba. Ta ce Tomalin ya tambaye ta wai ko gaskiya ne ni ne nake buga jan, ko dai wani ne ke amfani da sunana. Ta ce masa ni ne.

Ta ce mai gidan da shagon yake ciki ya riga ya fara kawo wani mai gyaran keke yana auna bango. Na ce bangon da ma a karkace yake, ni na san shi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Secondo ya daina gaishe ni da safe. Mai ɗaukar kaya! Har shi ma yana da ra'ayi a kan milimita. Na sa shi ya sauke akwatunan waya daga kan kanta ya sake jera su, don ya tuna ko ɗakin waye.

Asabar, 2 ga Nuwamba, Ranar Matattu

Da safe mun kai furanni kabarin iyayenta. Ermete yana can da iyalinsa. Ya tsaya ta kan kabari ni ta ƙafa. Ya rame. Ko ya rame, ni na sa shi taurin kai?

Da rana na koma kamfani, don Asabar ce. Secondo ya fita cin abinci. Na buɗe akwati, na goge samfur da tsumman mai.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na riƙe shi ta kai, na ɗaga mabuɗi.

Ƙas.

Na ce wayar hatimi ce ke danne ƙarar. Na ɗage ta da ɗan yatsa na sake bugawa. Ƙas. Na ce hannuna ne, riƙon yatsa biyu da rabi ba riƙo ba ne. Na canza hannu. Na rataye shi da zare a jikin ƙusa. Na kai shi bakin taga, kamar haske zai gyara ƙara.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Bai taɓa shiga inji ba. Bai taɓa ganin ruwan sama ba. Babu hannun da ya taɓa ɗaure zoben nan sai nawa, sau ɗaya, da yatsa biyar.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Na ce mata ciwon kai.

Talata, 5 ga Nuwamba

Bari in faɗi yadda abin yake, tunda takarda ba ta da baki.

In na yi shiru, babu mai sani. Tsagin yana ƙarƙashin zobe, ido ba ya ganinsa, ma'auni ba ya jinsa, kuma ba wanda ke da mabuɗin sai ni. Ranar Asabar in buga ja na uku, ranar Litinin Ermete ya ɗora bencinsa a amalanke kamar manoman da ake kora daga gona duk San Martino. Abin da na yi shekara tara ina roƙo ke nan.

In na rubuta, sai in rubuta da hannuna cewa abin da Ottavio Chiabotto ya yi yana da aibu tun ranar da ya yi shi. Cewa duk mai ƙas ɗin da na mayar ina zagin ma'aikatansa, fasalina ne ya fasa shi. Valperga zai karanta da farcensa mai tsabta, ya kira Ermete ya karanta masa. Ermete zai yi dariyar hanci. Abu ɗaya da ya rage mini daga wancan hannun shi ne a sa a kwandon shara da takarda a ɗaure a wuyansa.

Ba zan rubuta ba. Gara in mutu.

Likitan nan na Chieri, ban san abin da ya sa yake ta faɗo mini a rai ba. Ko fuskarsa ban sani ba. Ko ya isa wurin mara lafiyar da wuri, oho.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wajen cin abinci ta kama ni ina buga wa kofuna cokali ɗaya bayan ɗaya. Ta ce lafiya? Na ce wannan mai tsagi ne, a zubar. Ta ce shekara ashirin kana shan kofi a cikinsa bai taɓa yoyo ba, ta karɓe ta mayar cikin sauran kofuna.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Gobe. Na cika tawadar ja a kushin tambari.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda ya faru, in ya so in ƙone shafin.

Ƙarfe goma kaya suka iso. Ermete ya biyo su cikin kwat ɗinsa ta coci, kamar mai zuwa jana'iza. Doka ta ce a ja na uku sai injiniya ya halarta, don haka Valperga ya sauko da takardunsa. Secondo ya jingina da ƙofa ya haɗe rai.

Na buɗe akwatin farko. Irin dai wancan, da wuyansa mai kauri. Na ce a raina, kai dai jaki ne har kabari. Na auna a gabansu, milimita ɗaya da rabi, Valperga ya rubuta. Ya ce, "A fito da samfur a kwatanta, Monsù Chiabotto, mu gama, ina da aiki a sama."

Na buɗe da mabuɗi. Kullum da hagu nake ɗaukarsa, kowa ya san haka, kuma a kan ƙyalle. Yau na ɗauka da dama, hannun da inji ya ci. Na juya zan kai shi bakin taga wai don haske.

Daɓen ɗakin nan na dutse ne.

Tangaran ya tarwatse, zoben da hatimin suka gangara ƙarƙashin tebur. Secondo ya ambaci sunan Maryamu. Valperga ya yi fari fat, sannan ya yi ja. Ya ce shekara tara! Samfurin kamfani! Ya ce me ke damuna, na sha ne? Na ɗaga masa hannun ya gani. Na ce, "Hannuna ya gama aiki, Injiniya."

Ban dubi Ermete ba. Na ji dai ya yi wani irin tari.

Sai na hango gutsuren wuyan, ya faɗi kusa da ƙafar Valperga. Sabon fashi fari ne ƙal. Shi wannan gefensa ɗaya baƙi ne, layi siriri ya zagaye kusan rabin wuyan. Man da na yi shekara tara ina goga masa duk Asabar ne ya bi tsagin ya shige. Ko makaho ya taɓa ya san ba na yau ba ne. Wannan ne ban yi tunaninsa ba. Valperga ya sunkuyar da kai zai duba ƙasa.

Ermete ya riga shi. Ya durƙusa da nishi cikin kwat ɗin coci yana cewa, "A yi hankali, Injiniya, tangaran na yanka takalmi." Ya tattara gutsattsarin a hularsa ya zube su a kan tebur. Na ƙirga da ido. Babu na wuyan. Na ga yatsansa ya fito daga aljihun falmaran.

Valperga ya yi ta juya takardu yana neman abin da doka ta ce. Doka ta ce ba a buga tambari, ja ko kore, in babu samfur, kuma in samfur ya lalace sai a zaɓi sabo daga kayan da ke hannu, a gwada shi a inji awa shida, in ya ci a sa masa hatimi. Ya karanta sau biyu kamar yana fatan ta canza. Ya ce wa zai zaɓa? Secondo ya ce, "Akwai wanda ya fi Monsù Chiabotto kunne a Torino?" Munafuki. Jiya ko gaisuwa ba ya yi.

Na ƙwanƙwasa guda biyar na miƙa masa ɗaya. Duk biyar ɗin ƙararsu ɗaya, ko wanne na ɗauka daidai ne.

Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin. Daga yau a ofishinsa zai zauna, in ina bukata in hau sama in roƙa. Kwana uku kuma kada in zo aiki. Na kasa cire shi daga sarƙar da yatsun nan, sai da Secondo ya cire mini.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na ce wa Clotilde kuskure ne, hannu ne ya kuɓuce. Ta ce to. Ta dafa mini naman da ba ta dafawa sai ranar biki. Na ce wannan kuma na mene ne, an dakatar da ni daga aiki kina dafa nama? Ta ce ya yi araha ne a kasuwa.

Hannuna sai zuwa yake yi kan sarƙar agogo yana laluben abin da babu.

Litinin, 11 ga Nuwamba, San Martino

Amalanken masu ƙaura sun yi ta wucewa ƙarƙashin taga tun safe, katifa a sama, tukwane na kaɗawa. Na zauna ina kallo, tunda ba ni da aikin yi.

Secondo ya biyo da rana. Fulogin ya yi awa shida a inji, har sun watsa masa ruwa da bokiti, bai ko yi tari ba. An sa masa hatimi. An sabunta kwangila. To madalla, sai su je su yi rawa.

Wai Ermete ya ce a rubuta a takardar samfur, fasalin Chiabotto, gyaran Gribaudo. Wa ya roƙe shi? Sadaka zai ba ni kuma, kamar lemonsa?

Laraba, 13 ga Nuwamba

Gobe zan koma aiki. Na gwada zoben aurena a kan kofi, yana ba da ƙara, za a iya ƙwanƙwasa kaya da shi a madadin mabuɗi.

Har yanzu gutsuren yana aljihun mutumin nan. Bai aiko da shi ba, bai ce wa kowa komai ba, ko ƙanwarsa bai gaya wa ba, na bugi cikinta na ga ba ta sani ba. Wato zai riƙe shi ke nan ya riƙa kallona. Ɓarawo. Abina ne, ni na yi shi, ni na fasa shi, sau biyu ma.

Ranar Lahadi zan je in karɓo abina. Clotilde ta ce in dai za mu je ba a shiga gidan Yaya hannu rabbana, sai an riƙa ruwan inabi. Na ce ba ziyara za ni ba.

Kwalba ɗaya. Kuma ba mai kyan ba.